Alhazai suna taya kayana, amma ba sa saye

Mai shago a Misfala:

Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin shago a unguwar Misfala ta Makka, ba nisa da titin Ibrahim Khalil, inda nake sayar da darduma da carbi da jallabiya da turare. Alhazanmu na Najeriya da Nijar suna shigowa sosai saboda sun ji ana Hausa, sai dai da yawansu sukan jujjuya kaya, su taya, sannan su ce za su dawo. Na rage farashi har ribar ta kusa ƙarewa, ga harajin kashi 15 cikin ɗari da ake biya tun shekarar 2020. Ina roƙon waɗanda suka riga ni a wannan sana'a su nuna mini inda matsalar take.

Dattijo daga unguwar Jarwal ta Makka:

Wa alaikumus salam, ɗana. A ganina ba tsada ce take korar su ba. Alhajin da ya shigo shagonka ba kansa yake yi wa sayayya ba, tsaraba yake nema, kuma yana ɗauke da sunayen iyaye da surukai da maƙwabta da waɗanda suka raka shi filin jirgi. Abubuwa biyu ne suka ɗaure masa hannu, wato guzurinsa da nauyin kayan da aka ƙayyade masa a jirgi. Riyal yana nan daram a kan 3.75 ga dala ɗaya, alhali naira ta faɗi ƙwarai tun 2023, saboda haka duk kuɗin da ka faɗa sai ya mayar da shi naira a zuciyarsa kafin ya amsa maka.

Idan ya shigo, kada ka fara da nuna masa darduma mai kauri. Ka gaisa da shi, ka yi masa barka da ibada, sannan ka tambaye shi mutum nawa yake son yi wa tsaraba da kuma abin da ya ware. Daga nan sai ka haɗa masa da kanka: abu mai daraja guda biyu ko uku na manyan gida, sauran kuwa dozin na carbi da hula da ƙananan kwalaben turare da darduma marar nauyi. Ka ajiye sikeli a shagon domin ya ga nauyin abin da ya saya, don babu abin da yake tayar wa alhaji hankali kamar ranar awon kaya. Kuma ka sani kasuwar gaske sai an sauko daga Mina, lokacin da ake jiran jirgi.

Hajiya daga Jidda:

Gaskiya Baba ya faɗa. Abin da zan ƙara shi ne, yawancin kayan nan akwai irinsu a Kantin Kwari, kuma hajiyoyi sun san farashinsu tun daga gida. Idan darduma ƙirar Sin ce, ka faɗa mata haka, ka nuna mata ta Turkiyya a gefe, ta zaɓa da kanta. Matar da ka gaya wa gaskiya za ta koma masauki ta kawo maka 'yan ɗakinsu gaba ɗaya, domin mata a ƙungiya suke fita sayayya. Ka nemi izininta ka karɓi lambarta ta WhatsApp, saboda ko ita ba ta dawo Umarar azumi ba, wata 'yar'uwarta za ta zo, kuma za a ba ta saƙo.

Mai turare a Madina:

Ni ban goyi bayan rage farashin da ka yi ba, Malam. Bahaushe yana son ya taya a ce albarka, ya ƙara a sallama masa, kuma idan ka fara da kuɗin ƙarshe sai ya ga ka ƙi yi masa ragi. Ka mayar da farashinka yadda yake, ka bar wurin ciniki kaɗan, sannan wanda ya sayi da yawa ka yi masa gyara da carbi ko kwalbar miski.

Mai shago a Misfala:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan sa sikelin kafin azumi. Baba, darduma marar nauyin da ka ambata, a nan Makka kake sarinta ko a Balad ta Jidda?