Ɗan ƙanwata yana wasan harlin a Ailan: laifin yara ne ko na tsarin gasa?

Kawun Yara, Tawa:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina horar da yaran unguwarmu ƙwallon ƙafa nan Tawa, shi ya sa maganar nan ta tsaya mini a rai. Ƙanwata tana aure a Waterford, ƙasar Ailan. Ɗanta mai shekara 14 ya zo mana hutu da wata sanda mai faɗin baki kamar muciya, an naɗe mariƙinta da roba, da ƴar ƙwallon fata da ba ta wuce lemun tsami babba ba. Sunan wasan harlin, ɗan'uwan ƙwallon gora ne. Da la'asar sakaliya na ga yaron nan ya ɗora ƙwallon a bakin sanda, ya ruga da gudu cikin rairayi ba ta faɗo ba, ya cilla ta sama ya make ta har ta tsallake katangar maƙwabta. Yarana suka saki baki.

Da dare muna shan shayi na tambaye shi ko yana fatan buga wa gundumarsu. Ya yi shiru, sannan ya ba ni lissafi. A lardinsu na Munster gundumomi biyar ke karawa: Cork, Tipperary, Limerick, Clare da Waterford, uku kaɗai ke wucewa zagaye na gaba. Tun da aka kawo wannan tsari a 2018 har zuwa 2025, Waterford ba ta taɓa fita daga rukunin ba. Rabonsu da babban kofin ƙasar baki ɗaya tun 1959. Yaron yana son wasan kamar ransa, amma na ji sanyin gwiwa a muryarsa. Ni a ganina, ka yi ta rainon yara kuma ka jefa su inda ƙofa a rufe take, zalunci ne. Wanda ya san wasan nan ya gaya mini: gyaran tsari ne kan gaba, ko rainon yara?

Ɗan Yamai a Dablin:

Wa alaikumus salam Malam. Na daɗe a nan, kuma na shiga filin Croke Park mai ɗaukar mutum 82,300 na ga wasan da idona. Ka yi haƙuri, ban bi ka ba. Limerick ta ci kofi a 1973, daga nan ta yi shekara 45 tana kallon wasu suna ɗagawa. Ba ta zauna jiran a sauƙaƙa mata rukuni ba. Ta buɗe makarantar horar da yara, ana tattaro su daga ƙungiyoyin ƙauyuka tun suna kamar ɗan ƙanwarka, ana koya musu riƙon sanda, ana lura da cinsu da ƙarfin jikinsu. Yaran suka ci kofin ƴan ƙasa da 21 a 2015 da 2017. Su ɗin ne suka girma suka ɗauki babban kofi a 2018, suka sake jera huɗu daga 2020 zuwa 2023, kuma daga cikin Munster ɗin nan mai zafi suka fito. Ka gaya wa ɗanmu ya riƙe sandarsa da kyau.

Tsohon Ɗan Kokowa, Tawa:

Ɗana na Dablin, ka faɗi gaskiya amma rabinta. Ni ban san harlin ba sai abin da jikana ke nuna mini a waya, kokowa na sani. Tun da aka fara gasar kokowa ta ƙasa ta cin takobi nan Tawa a 1975, abin da ya raya ta shi ne kowace jiha tana shiga fili ɗaya. Yau jihohi takwas ne, kowace da ƴan kokowa goma. Ɗan Diffa zai kama ɗan Dosso, ɗan Agadas zai kama ɗan Maraɗi. Ko an kayar da shi, ya ji ƙarfin gwani a jikinsa, ya koma gida ya san abin da zai gyara. Yaron da bai taɓa kama babba ba, ina zai koyi faɗuwa balle kayarwa?

Ɗan Yamai a Dablin:

Baba, a nan kam ka taɓa inda ke ciwo. Gundumomi 32 ne a tsibirin Ailan, amma waɗanda ke shiga gasar babban kofi daga farko 11 ne: biyar a Munster, shida a lardin Leinster. Sauran an jera su hawa hawa a ƙananan kofuna huɗu, na sama shi ne Joe McDonagh da aka soma a 2018. Dalilinsu, wasan sauri ne, in aka haɗa gwani da ɗan koyo sai a yi masa cin kaca, yara su tsani sanda. Amma dubi sakamakon: Kilkenny tana da kofi 36, Cork 30, Tipperary ma ta kusa haka, gundumomi da yawa kuwa ko ƙamshinsa ba su taɓa ji ba. Galway ba ta da abokin karawa a lardinta, sai a 2009 aka shigar da ita Leinster.

Kuma Malam, Waterford ma tana da gata. Ko ta zo ƙarshe ba a sauke ta, alhali a Leinster na ƙarshe faɗawa ƙasa yake. Offaly da ta ci kofi huɗu, na ƙarshe a 1998, sai da ta gangara hawa na uku. Abin da ya ɗago ta yaranta ne, sun ci kofin ƴan ƙasa da 20 a 2024.

Malamar Lakwal, Yamai:

Duk kuna maganar manya. Ni abin da ya fi burge ni a wurinsu shi ne yaran da ba su kai 12 ba: ba a ba su kofi, filin ƙarami ne, kuma dole kowane yaro ya buga. Yaya, a filinka yara nawa ke wuni a gefe suna riƙe wa wasu takalma?

Kawun Yara, Tawa:

Malama, tambayarki ta kama ni. Shida ne ko bakwai, kullum su ɗin ne, ƙanana da marasa jiki, don ina son mu ci gasar unguwanni. Daga Asabar zan raba fili biyu kowa ya shiga.

Amma ban sauka daga maganata ba. Limerick ta yi nasara, to cikin biyar ɗin nan dole biyu su koma gida tun watan Mayu kowace shekara, ko da duk sun raini yaransu da kyau. Na ji ƴan ƙasa da 17 na Waterford sun ci kofin ƙasa a 2025, ke nan yaran suna nan. Ɗan ƙanwata ya bar mini sandarsa ta biyu da zai koma, tana rataye a zaure, yarana suna rububin ta kowace yamma. Ɗan Yamai, in kana da hoton wasan ƙarshen nan na yara, turo mini in nuna musu.