Muhawara: kuskure ne a kira "starfish" kifi?

Malamar Kimiyya: Salamu alaikum jama'a. Ni a ganina sunan starfish kuskure ne, ya kamata a cire shi daga littattafan makaranta. Wannan halitta ta teku mai siffar tauraro ba kifi ba ce. Ba ta da ƙashin baya, ba jini, ba ƙwaƙwalwa. Ruwan teku take ja cikin jikinta, da shi take motsa ɗaruruwan 'yan ƙafafun da ke ƙarƙashin hannuwanta.

Ɗan Maraɗi: Malama kin yi gaskiya. Mu nan da Faransanci étoile de mer aka koya mana, wato tauraron teku. Larabawa ma najmul bahar suke cewa. Ba kifi a ciki.

Kawu Tsohon Malami: A'a, ku bi a hankali. Kalmar tana cikin Ingilishi tun ƙarni na 16, kuma a zamanin duk abin da ke rayuwa a ruwa fish ake ce masa. Daga nan sunayen jellyfish da shellfish suka fito, wasu halittun ruwa da su ma ba kifaye ba ne. Shi kansa Linnaeus, wanda ya tsara rabe-raben halittu, sai a 1758 ya fitar da whale, ƙaton dabbar nan ta teku, daga jinsin kifaye ya sa shi cikin masu shayarwa. Mutanen wancan zamani ba su yi kuskure ba, ma'anar kalmar ce ta ƙuntata daga baya.

Malamar Kimiyya: Na yarda da tarihin, Kawu. Amma ɗalibata ba 'yan ƙarni na 16 ba ne. Yaron da bai taɓa ganin teku ba, yana jin fish tarwaɗa ce za ta faɗo masa a rai. Ba kuma zai gan ta a Argungu ba, sai a ruwan gishiri take rayuwa.

Kawu Tsohon Malami: To 'yata, in gyara ne, tauraron ma da magana. Nau'insu kusan 1,900 ne, ba duka ke da hannu 5 ba. Akwai wani a gaɓar tekun Fasifik ta Amurka mai kaiwa hannu 24.

Ɗan Maraɗi: Ai masana ba su saki tauraron ba, Kawu. Asteroidea, sunan kimiyya da Bafaranshe de Blainville ya ba su a 1830, daga aster ne, tauraro da Girkanci.

Malamar Kimiyya: Shi ya sa masana da yawa suka koma cewa sea star. Ni ma shi nake rubutawa a allo.

Kawu Tsohon Malami: Rubuta abinki. Jellyfish fa, me za ki ce musu?