Neman kalma: me za mu kira "tool description" da Hausa?

Jama'a, a taimaka mini. Kwana uku ke nan ina rubuta darasi kan yadda manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke karanta bayanan injinan masana'anta, kalma ɗaya ta tokare ni: "tool description". Bari in faɗi abin da take nufi, sai ku taya ni lalube.

Manhajar da ake kira "agent", wato mai ƙirƙirarriyar basira da ake ba aiki ta je ta aiwatar, ni ɗan aike nake ce mata, kuma har yanzu ba wanda ya musa mini. Ɗan aiken nan ba ya ganin inji da idonsa. Jerin kayan aiki ake miƙa masa, wato ƙananan manhajojin da zai iya kira, kowanne da sunansa, da 'yan layukan rubutu masu faɗin aikinsa, da irin abin da za a saka masa kafin ya yi aiki. Haka MCP, tsarin haɗa ɗan aike da kayan aikinsa, wanda kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024, ya shimfiɗa. Da 'yan layukan nan yake yanke shawarar wanda zai ɗauka. To su nake nema wa suna.

Na fara da "bayanin kayan aiki". Malamina ya ce ta yi faɗi, ai littafin da ke zuwa cikin kwalin janareta ma bayani ne. Gaskiyarsa. Wani ya kawo "umarni", sai dai rubutun ba "yi kaza" yake cewa ba, "ga abin da nake iyawa" yake cewa. Wata 'yar uwa ta ce a kira shi "kirari". Na yi dariya sosai, don wasu masu rubuta manhaja kirarin suke yi: "yana karanta duk bayanan inji cikin sauri". Wane bayani? Na wane inji? Oho.

Abin da ya faru da ni a wani gwaji shi ya nuna mini hanya. Na haɗa ɗan aike da wata na'ura mai amfani da Modbus, tsarin musayar saƙo tsakanin na'urori da kamfanin Modicon ya fito da shi tun 1979 kuma har gobe masana'antu na kansa. Modbus ba ya faɗin ma'auni. Kowane gurbi, wato ma'ajiyar bayani a cikin na'urar, lamba ce tsirara daga 0 zuwa 65535, kai za ka san ko zafi ne ko gudun inji. Na rubuta wa kayan aikin layi ɗaya: "yana karanta gurbi daga na'ura". Na tambayi zafin injin, gurbin ya ba da 735, ɗan aike ya dawo mini a guje wai inji ya kai digiri 735, a kashe shi. Alhali 73.5 ne a ma'aunin Salshiyas, sai an raba da goma, ni ne ban faɗa masa ba.

Na gyara wannan, wata ta ɓullo. A takardar na'urar, gurbin farko 40001 ne, amma a saƙon da ake tura wa na'urar lambarsa 0 ce. Ɗan aike ya goce da gurbi ɗaya, ya kawo mini lambar maƙwabci da cikakkiyar natsuwa. Ina ganin haka na tuna yaron da aka aika unguwar da bai sani ba, aka ce masa "gidan da ke kusa da masallaci", ya je ya yi sallama a ƙofar da ba ita ba. Laifin yaron ne? Kwatancen ne bai cika ba.

Don haka shawarata: kwatancen kayan aiki. Na fi son ta saboda ta zo da hanyar gwajinta. Duk Bahaushe ya san ba a yaba kwatance don daɗin lafazi, sai in baƙo ya isa gidan ba tare da ya sake kiran waya ba. Haka nake yi yanzu. Na tara tambayoyi irin na mai kula da inji, da bakinsa, kamar "kwamfuresa ta biyu ta yi zafi?", in tura ɗan aike, in duba ko ya ɗauki kayan da ya dace, ya je gurbin da ya dace, ya faɗi ma'auni daidai. Nakan saka masa tarko guda: kayan aiki mai rubutawa cikin gurbi, in ga ko zai taɓa shi alhali karantawa kawai aka aike shi. In ya faɗi, layin kwatancen nake sauyawa, in sake aikensa.

Malam, na ga ƙorafinka cewa za a rikita ta da "kwatanci", wato misali. Allah Ya gafarta Malam, wasali ɗaya ne ya raba su kam, amma wanda aka ce wa "yi mini kwatancen gidanku" bai taɓa kawo misali ba. Saura ɗaya: shi wannan binciken, "gwajin kwatance" za mu ce ko "awon kwatance"? Ni na saka gwaji a darasin, ranar Asabar zan miƙa shi.