Ɗana na fama da farfaɗiya, dole sai Kano za mu ga likitan ƙwaƙwalwa?

Maman Biyu:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema don Allah. Ɗana shekararsa 7, tun bayan babbar sallar bara yake faɗuwa. Sai ya sandare, ido ya juye, kumfa na fita a baki, wani lokacin har fitsari ya kubce masa. In ya farfaɗo kuma sai barci kamar wanda ya wuni a gona.

Muna zaune a wani ƙaramin gari a gabashin Jigawa. Likita biyu ne a asibitinmu, su ne na masu haihuwa, su ne na yara, su ne na tiyata. Ɗayansu ya ɗora shi a kan wani magani, phenobarbital, faɗuwar ta ragu daga sau uku a wata zuwa sau ɗaya, amma yaron ya yi sanyi, malaminsa na Islamiyya ya ce gyangyaɗi yake a aji. Likitan da bakinsa ya ce mini ya kai iyakarsa, sai dai likitan ƙwaƙwalwa na yara da wani gwajin ƙwaƙwalwa wai EEG, kuma a Kano. Kakarsa kuwa ta dage iska ce, an yi ruƙiyya, an yi hayaƙi.

Mahaifinsa tela ne. Kuɗin mota, masauki, kati, gwaji, duk a kansa. Babu inda ya fi kusa? Kuma me ya sa komai sai Kano?

Malamin Jinya:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Kafin komai, kada ki tsayar da maganin nan da kanki saboda barcin. Yanke shi lokaci ɗaya na iya kawo faɗuwar da ta fi ta da muni. In ta taso masa, ki kwantar da shi ta gefe, ki janye shi daga wuta da ruwa, kada a tura masa cokali a baki. In ta wuce minti 5 ba ta sake shi ba, asibiti kai tsaye. Kuma ba a ɗauka ta yawu, ki gaya wa kakar.

Ki fara da Dutse, asibitin Rasheed Shekoni, ko asibitin tarayya na Birnin Kudu, ƙwararren likitan yara ya gan shi. Sau da yawa shi ma zai iya gyara maganin. In ya ga sai an wuce, shi zai rubuta miki takarda zuwa Asibitin Malam a Kano, inda ake da sashen ƙwaƙwalwar yara. Kada ki je Kano babu takardar nan, za ki sha zaman benci a banza.

Batun "komai sai Kano" kuwa, ba ke kaɗai ba. Shekarata 19 a aikin nan, na haddace hanyar kamar karatun allo: ƙashi Dala, ido Kaduna ko asibitin ECWA na Sabon Gari, kunne Kaduna, taɓin hankali Barnawa ko Kware ko Maiduguri, yoyon fitsari Babbar Ruga a Katsina, ciwon noma mai cin baki da fuska Sakkwato. Manyan likitoci ba sa son ƙauye, shi ke nan.

Likita Mai Neman Ƙwarewa:

Yaya Malamin Jinya, duk abin da ka faɗa daidai ne ban da jimlar ƙarshe. Bari in kare kanmu kaɗan.

Shekara 6 a jami'a, ɗaya a horon asibiti, ɗaya a bautar ƙasa. Sannan a nemi gurbin ƙwarewa, wanda shi ma shekara 5 ne ko 6 in an ci jarrabawa babu maimaici, ko ta kwalejin ƙasa da ke Ijanikin a Legas ko ta Afirka ta Yamma. Horon nan ba a yin sa sai a asibitin da kwalejin ta amince da shi, wato Kano, Shika, Sakkwato, Maiduguri da makamantansu. Kafin mutum ya gama ya doshi arba'in, ya yi aure a garin, 'ya'yansa na makaranta a garin, matarsa na aiki a garin. Ka ce ya tattara ya koma ina?

A ce ma ya yarda. Likitan ƙwaƙwalwa babu EEG, babu na'urar hoton cikin jiki ta MRI, babu tsayayyiyar wuta, me zai yi wanda likitan Hajiya bai yi ba? Mai tiyatar kai yana buƙatar mai sa barci, ɗakin kulawa ta musamman da bankin jini. Ƙwararre ba ya aiki shi kaɗai, shi ya sa ake ganinsu cunkushe wuri ɗaya. A cikin waɗanda muka fara tare, wasu suna Ingila, wasu Saudiyya, gurbinsu kuma ba a cike shi da wuri.

Hajiya, abin da zai rage miki wahala: in ya faɗi a ɗauke shi bidiyo da waya, don likita ba zai ga faɗuwar da idonsa ba. Ki riƙa rubuta rana da lokaci a littafi. Ki tafi da kwalin maganin. Ki roƙi babban likita ya rubuta tsarin magani dalla-dalla, likitan garinku ya ci gaba da bibiya, ke kuma ki riƙa komawa jefi-jefi. EEG ba ya ciwo, wayoyi ne ake mannawa a kai.

Ɗan Maraɗi:

Ku gode Allah, ku da ke da Kano kusa. Mu nan in lokotoro ya ce sai Yamai, kilomita sama da 600 ke nan. Shi ya sa mutanenmu da yawa Katsina ko Kano suke nufa, ya fi sauƙi. Da aka rufe iyaka a 2023, ƙanen babana da ke ganin lokotoron zuciya a Kano wata biyar bai je ba, ta waya aka riƙa yi. Su kuma naku suna ƙetarowa asibitocin Galmi da Danja. Kowa na ganin likitar maƙwabci ta fi.

Maman Biyu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Wallahi cokalin nan mun sha sa masa, har haƙorinsa ɗaya ya gutsure. Likitanmu ya ce zai ba ni takardar Dutse ranar Litinin. Likita, tambaya ɗaya: ranar gwajin a ba shi maganin safe, ko a bari sai an gama?

Likita Mai Neman Ƙwarewa:

Ki ba shi kamar kullum, sai in su suka ce akasin haka. Ki wanke masa kai, kada ki shafa mai.