Hannun PS4 ya ƙi haɗuwa da kwamfuta, ta igiya da ta Bluetooth

Mai Tambaya

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan wannan al'amari, domin yau kwana uku ke nan ina fama da hannun gem na PS4, wato DualShock 4, ya ƙi haɗuwa da kwamfutata ta tebur mai Windows 11. Hannun lafiyarsa ƙalau a kan PS4 ɗin, don ko daren jiya ƙanena ya yi wasa da shi, kuma babu maɓallin da ya ƙi amsawa.

Idan na jona shi da igiya, fitilar goshinsa takan kama da launin ruwan lemo, tana haske tana dusashewa a hankali, amma kwamfutar ba ta yin ƙarar nan da ta saba yi idan an soka mata sabon abu. Na canza rami har huɗu, na gaba da na baya, duk kanwar ja ce. Ta Bluetooth kuwa, sau ɗaya kacal na ga sunan Wireless Controller ya fito, na danna shi, ya nuna an haɗu, amma bayan kamar daƙiƙa goma sai fitilar ta mutu. Tun daga nan, in na danna maɓallin PS sai fitilar ta yi ta ƙiftawa da farin haske har ta gaji, wani lokacin ma PS4 da ke ɗaya ɗakin ce take tashi. Na sauke DS4Windows, manhajar da ke sa hannun PS4 ya yi aiki da wasannin kwamfuta, ita ma ba ta ga komai ba. Shin hannun zan kai gyara, ko Windows ɗin zan sake ɗorawa?

Mai Gyaran Na'ura

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka taɓa Windows ɗinka tukuna, kuma kada ka bari a buɗe hannun, domin abin da ka bayyana bai nuna ɗayansu ne ya lalace ba. Abin da nake zargi da farko shi ne igiyar. Igiyar micro-USB iri biyu ce ko da yake kamanninsu ɗaya ne a ido. Cikakkiyar tana da silin waya huɗu a ciki, biyu na kai wuta, biyu na kai bayanai, ita kuwa wadda ake haɗowa da ƙananan fitilu, lasifiku da batiran ajiyar caji, sau da yawa silin wuta biyun kaɗai aka sa mata. Da irin wannan igiya hannun zai yi caji, fitilarsa ta kama da ruwan lemo kamar yadda ka gani, alhali kwamfutar ba ta san an jona mata komai ba. Saboda haka wannan haske shaidar isowar wuta ce kawai, ba shaidar haɗuwa ba ce, kuma canza rami ba zai amfane ka ba matuƙar igiyar ita ce dai.

Gwajin mai sauƙi ne. Ka sami wayar salula mai irin wannan bakin caji, ka jona ta da kwamfutar da igiyar da kake amfani da ita. Idan wayar ta tsaya a caji kawai, ba ta ba ka damar buɗe hotuna da fayilolinta a kwamfutar ba, to igiyar ce. Ka nemi wata wadda ka tabbata an taɓa kwashe fayil da ita.

Bayan ka canza, ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta joy.cpl, ka shiga. Ƙaramar taga za ta buɗe mai jera hannayen gem da kwamfutar take gani. Idan Wireless Controller ya fito a nan, ka shiga Properties ka juya sandunan ka daddanna maɓallan, za ka ga alamominsu suna motsi. Wannan taga ita ce alƙali a wurina, domin ita ke raba tsakanin matsalar da ke tsakanin hannu da kwamfuta da wadda ke tsakanin kwamfuta da wasan kansa, kuma mutane da yawa suna ɓata lokaci ne saboda cakuɗa biyun. DS4Windows ba za ta ga abin da Windows ɗin bai gani ba, don haka ka ajiye ta gefe har sai wannan mataki ya kammala.

Idan kuma sabuwar igiyar ma ba ta yi ba, ka haska cikin bakin cajin hannun da tocila. Ƙura da zaren tufafi sukan dunƙule a can ƙasa su hana kan igiyar shiga har ƙarshe. Ana cire su da tsinken katako a hankali, ban da allura ko wani ƙarfe.

Injiniya

Na yarda da bayanin malamin da ya riga ni game da igiya, ni kuma zan tsaya a kan Bluetooth, domin ka faɗi wata magana mai muhimmanci: cewa PS4 ɗin takan tashi idan ka danna maɓallin. DualShock 4 na'ura ɗaya tak yake riƙewa a ƙwaƙwalwarsa. Duk sanda ƙanenka ya jona shi da PS4 ta igiya ya danna PS, hannun ya koma nata, ya manta da kwamfutarka, alhali ita kwamfutar tana nan riƙe da tsohuwar rajistar haɗuwarsu, tana nuna maka sunansa kamar komai daidai yake. A wannan hali danna PS kaɗai ba zai taɓa kawo shi ba, domin tsohuwar abokiyarsa yake nema.

Ka fara da kashe PS4 ɗin gaba ɗaya, ba yanayin hutu ba. Sannan ka shiga saitin Bluetooth na Windows ka cire Wireless Controller daga jerin na'urori. Ka juya bayan hannun, kusa da maɓallin L2 akwai wani ɗan rami, ka sa siririn tsinke ka danne abin da ke ciki na daƙiƙa biyar. Daga nan ka danne SHARE da PS a lokaci guda har sai fitilar ta fara ƙiftawa bibbiyu da sauri. Ka lura da kyau, ƙiftawa ɗai-ɗai a hankali neman tsohuwar na'ura ne, bibbiyun ce ke nufin ya shirya karɓar sabuwa. Sai a lokacin za ka nemi ƙara na'ura a Windows.

Batun yankewa bayan daƙiƙa goma kuwa, ina da tambaya. Bluetooth ɗin na cikin babban allon lantarki da ke cikin akwatin kwamfutar ne, wato motherboard, ko ɗan ƙaramin abin sokawa ne na USB? Idan na ciki ne, ka duba bayan akwatin ko an ɗaura eriya a kan wasu kawuna biyu masu ruwan zinariya. Da yawa masu amfani da intanet na kebul ba sa ɗaura ta saboda suna ganin ta Wi-Fi ce kawai, alhali Bluetooth ma da ita yake aiki, kuma idan babu ita siginar takan yi rauni ƙwarai. Idan kuma abin sokawa ne, ka nisanta shi daga ramukan USB 3.0, waɗanda galibi shuɗaye ne a ciki, domin suna fitar da hayaniyar lantarki a zangon 2.4 GHz, inda Bluetooth yake aiki. Ramin USB 2.0 na gaban akwatin ya fi dacewa da shi. Ka kuma tabbata batirin hannun yana da caji sosai kafin gwajin.

Mai Tambaya

Na gode ƙwarai, malamai. Igiyar ce kuwa. Na gwada ta da waya, caji kawai ta yi, sai na tuna cewa tare da wata fitilar tebur ta zo. Da na sa wata daban, nan take kwamfutar ta yi ƙara, kuma a joy.cpl na ga Wireless Controller, sanduna da maɓallai duk suna amsawa.

Sai dai an sami sababbin matsaloli biyu. Wasan ƙwallon da nake son bugawa bai ga hannun ba ko kaɗan, da na kunna DS4Windows kuma sai ya gan shi, amma idan na danna ƙasa sau ɗaya a jerin zaɓi sai ya tsallake layi biyu, kuma wasan yana nuna kamar 'yan wasa biyu ne suka shigo. Ta biyu, tunda na jona hannun sautin lasifikata ya ɗauke gaba ɗaya, sai na zare shi yake dawowa. Bluetooth ɗin na cikin allo ne, zan duba eriyar da yamma.

Malama Mai Koyar da Kwamfuta

Ɗan'uwa, yanzu ka tsallake mataki mai wuyar, abin da ya rage na manhaja ne. Windows yana da manyan hanyoyi biyu da wasanni ke karanta hannun gem. Tsohuwar ita ce DirectInput, sabuwar kuma XInput, wadda Microsoft ya kawo a zamanin Xbox 360, kuma yawancin wasannin kwamfuta na yanzu ita suka fi ganewa. DualShock 4 ba ya magana da XInput da kansa, shi ya sa joy.cpl ya gan shi amma wasan ya yi shiru. Aikin DS4Windows shi ne ta ƙirƙiri hannun Xbox 360 na ƙarya a cikin kwamfutar, ta riƙa miƙa masa duk abin da ka danna. Idan ba a ɓoye hannun na ainihi ba, akwai wasannin da sukan karanta duka biyun, shi ne ka ga dannawa ɗaya ta zama biyu.

Mafita biyu ce, kuma ɗaya za ka zaɓa, kada ka haɗa su. Idan kana da Steam, manhajar saye da buɗe wasannin kwamfuta, ni ita na fi ba da shawara, domin tun 2016 take tallafa wa wannan hannu kai tsaye. Ka rufe DS4Windows gaba ɗaya, har da alamarta da ke maƙale kusa da agogo, ka kunna tallafin hannun PlayStation a sashen Controller na saitin Steam, sannan ka buɗe wasan daga cikinta. Ko da ba a can ka sayi wasan ba, akwai zaɓin ƙara shi cikin jerinta. Idan kuma ka fi son DS4Windows, to ka ɗora HidHide, wadda aikinta ɓoye hannun na ainihi daga wasanni, ka kuma kashe tallafin PlayStation na Steam domin kada su yi ta ja-in-ja a kan na'ura ɗaya.

Maganar sauti ta nuna mini cewa hannunka samfuri na biyu ne, CUH-ZCT2, wanda ya fito a 2016, mai siririn layin haske a saman faifan taɓawa. Wannan samfuri idan an jona shi da igiya yakan bayyana a matsayin na'urar sauti saboda ramin abin sauraro da ke ƙasansa, Windows kuma sai ya karkatar da sautin can. Ka danna alamar lasifika kusa da agogo ka mayar da zaɓin kan lasifikarka, sau ɗaya ya isa. Bayan duk wani direba da ka ɗora, wato manhajar da ke sa Windows ya yi aiki da na'ura, ka zaɓi Restart maimakon Shut down, domin tsarin saurin tashi na Windows yakan adana yanayin direbobi idan kashewa aka yi.

Mai Tambaya

Allah ya saka muku da alheri. Na bi hanyar Steam, na cire DS4Windows daga cikin manhajojin da ke tashi tare da kwamfutar, kuma yanzu dannawa ɗaya layi ɗaya take motsawa. Sautin ma ya dawo bayan na sauya zaɓin.

Game da eriya, Injiniya ya yi gaskiya: kawunan biyu a buɗe suke, eriyar kuma na same ta a cikin kwalin allon, ko ledarta ba a yage ba. Na ɗaura ta, na cire tsohuwar rajistar, na danna ɗan ramin bayan hannun, na danne SHARE da PS har fitilar ta yi ƙiftawa bibbiyu, sai ga sunan ya fito cikin daƙiƙa kaɗan. Na yi wasa na sa'a biyu daga nesa da tebur ba tare da ya yanke ba. Na kuma fahimci cewa duk ranar da ƙanena ya mayar da shi kan PS4, sai na cire sunansa daga Windows na sake haɗa shi daga farko, don haka na yi wa igiyar mai kyau alama da jan zare, na bar ta a jikin kwamfutar saboda irin waɗannan ranaku.