"Diorama" da Hausa: ga kalmar da na tsaya a kanta

Jama'ar Zango, assalamu alaikum. Kwana uku ke nan da na jefo tambayar me za mu kira "diorama" da Hausa, yau na dawo da abin da na tsayar.

Ga wanda bai ga farkon maganar ba: 'yar ƙanwata ce a nan Aboabo, cikin Kumasi, ta cinye hutun makaranta tana aiki a kan wani kwalin sabulu. Ta yanke fuskarsa ɗaya, ta shafa wa bangon ciki fenti ja da ruwan ɗorawa kamar hudowar rana, ta baza yashi a ƙasa, ta kakkafa tsinken tsintsiya ya zama ciyawa, ta cukuikuye takardar buhun siminti ta zama dutse. A kan dutsen ta tsayar da 'yan tsanarta uku. Wasan The Lion King ne ya shiga ranta, na dandali mai waƙe-waƙe, wanda aka buɗe a Broadway, unguwar gidajen wasa ta New York, a 1997. A waya take kallon guntayensa. Har ta lura cewa 'yan wasan a bisa kai suke ɗora fuskar zaki, tasu fuskar tana buɗe, ita ma haka ta yi wa 'yan tsanar da ƙyallayen da ta roƙo wurin tela.

Da Hajiyarmu ta gani sai ta ce, "Ke 'yar nan, wannan fa me sunansa?" Ta ce, "Hajiya, diorama ne." Hajiya ta ce, "Da Hausa fa?" Dukkanmu muka yi shiru, kuma shirun nan ya tsaya mini a rai.

Kalmar ma ƙirƙirarta aka yi. A Faris ta fito a 1822, lokacin da Louis Daguerre da abokin aikinsa Bouton suka buɗe wani gidan kallo: manyan zane-zane a kan ƙyalle, ana sauya musu haske ta gaba da ta baya har mai kallo ya ga rana ta koma dare. Daga Girkanci suka haɗo sunan, ma'anarsa kusan "gani ta cikin abu". Daga baya ne ta koma sunan ƙaramin wuri da aka tsara cikin akwati ko bayan gilashi. Tun da su ma haɗawa suka yi, mu ma za mu iya.

Wasu sun ce a rubuta "dayorama" a huta, yadda muka yi da kwamfuta. Ba haramun ba ne, amma da na faɗa wa Hajiya ba ta ƙaru da komai ba. "Akwatin kallo" ya yi daɗi a baki, sai dai duk wanda na gwada wa talabijin ce ta faɗo masa.

Wadda ta fi samun goyon baya ita ce "ɗakin 'yar tsana", kuma a nan na fi daɗewa. Ɗakin 'yar tsana na wasa ne: a sa hannu, a kwantar da ita, a tashe ta, a yi mata girki. Wannan kuwa ba a taɓa shi. Lokaci guda aka kama aka tsayar, kuma ta gefe ɗaya ake kallonsa. Shi ya sa masu yinsa suke ƙanƙanta abin da ke baya domin ido ya ga nisa, suke kuma bin ma'auni, kamar inci ɗaya ya tsaya a madadin ƙafa ɗaya. Ban da haka, wani ba 'yar tsana a ciki sam. Yana iya zama kasuwar Kejetia, ko gonar koko.

Wani malami daga Asawase ya kawo "ƙaramin dandali". Malam, Allah ya ƙara basira. Ga kwalin 'yarmu ya dace sarai, tun da daga wasa aka ɗauko shi. Ga gonar koko ne bai zauna ba.

Sai wata baiwar Allah ta rubuto kalma ɗaya: jere. Nan take na tuna ɗakin Hajiya muna yara, kwanuka da tasoshi sun hau kan juna cikin kabad, kowanne da mazauninsa, ba mai cin abinci a ciki, kuma yaron da ya taɓa zai ji a jikinsa. Wanda ya taɓa leƙa ɗakin amarya ya san jere don ido ake yinsa. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin wannan aiki.

Saboda haka na tsaya a kan "jeren kallo". Jere ya ɗauki tsarawar, kallo ya ɗauki abin da ke cikin asalin Girkancin. Kuma yana juyuwa a baki: ta yi jeren kallo, jeren kallon kasuwa, zo ka ga jerena.

Jiya da yamma na kai wa Hajiya. Ba ta nemi bayani ba. Ta sake duban kwalin ta ce da jikarta, "To ai jere ba a barinsa ya sha ƙura. Gobe kawunki ya nemo miki gilashi a sa a gaban."