Ƴata ta ci jarrabawar makarantar Katolika, dole ne sai ta yi CRS?

Uwar Biyu:
Salam jama'a, dan Allah shawara nake nema. Ƴata ce ta gama firamare bana, ta zana jarrabawar shiga wata sakandaren ƴan mata ta Katolika a nan Kaduna, kuma Alhamdulillah ta ci, har intabiyu mun je. Gaskiya makarantar ta kwanta min, ga tsafta ga tsari ga sakamakon WAEC ɗinsu kowa na yabo, to sai da na karɓo takardar kayan da za a saya na ga an sa Baibul da littafin waƙoƙin coci a ciki. Tun ranar gidan ba zaman lafiya, Hajiya surukata ta ce in dai tana numfashi ba mai kai mata jika inda za a koya mata addinin wasu, shi kuma baban yarinyar ya yi gum ya bar ni da ita. Waɗanda suka yi irin makarantar nan, wai dole ne ɗan musulmi ya shiga ajin CRS, wato darasin addinin Kirista? Me ma ake koyarwa a ciki?

Ɗan Tudu:
Wa alaikissalam Hajiya. Ni a makarantar Fada na yi a Jos, bodin, shekara shida cur. Lokacinmu CRK ake ce masa kuma kowa na shiga don babu malamin IRK, wato darasin addinin Musulunci, sam. Ba zan manta ba, ƙarfe sha biyun rana ana kaɗa ƙararrawar Angelus, duk inda kake sai ka tsaya cak ko da bokitin ruwa ne a kanka, su yi addu'arsu mu musulmi mu yi shiru har su gama. Da azumi masu girki na ajiye mana abincin sahur, wani Fada ɗan Ailan ma shi ke tsokanarmu wai bai ga alamar yunwa a fuskarmu ba.

A aji kuwa rabin labaran na san su tun daga Islamiyya, Annabi Yusuf da ƴan uwansa, Annabi Musa da Fir'auna, Dauda da Sulaimanu, sai dai wasu wuraren su saɓa da namu. Da aka zo kan gicciye Annabi Isa na san a nan muka rabu, na rubuta musu abin da littafinsu ya ce na ci makina na wuce. Wlh ba wanda ya taɓa ce min in bar addinina. Amma in gaya miki inda na yi asara, na shiga da izu goma sha biyu a kaina na fito da ƙyar nake kawo uku, saboda wata tara a shekara ba mai karɓar min hadda. Wannan shi ya kamata ya dami surukar taki, ba Baibul ɗin cikin akwati ba.

Malamin Aji:
Maman yara sannu da ƙoƙari. Ni ɗan Katolika ne kuma CRS nake koyarwa, bari in raba miki abu biyu da mutane ke cakuɗawa. CRS sabjet ne na gwamnati, silabus ɗinsa ɗaya ne ko a makarantarmu ko ta ECWA ko ta gwamnati, shi ake zanawa a WAEC da NECO. A ciki akwai Tsohon Alkawari, shugabancin su Joshuwa da Debora, Iliya a dutsen Karmel, wa'azin Amos kan masu danne talaka da tauye mudu, sai Bisharar Matiyu da Markus da Luka, Ayyukan Manzanni, da wasiƙu irin ta Yaƙub da ta Bitrus. Shi kuma katikizim daban ne, na ƴaƴan Katolika ne masu shirin baftisma ko karɓar jibi na farko, wato gurasar ibada a coci, ba ya shiga rizol, kuma a inda nake aiki ko ƴaƴan COCIN ba ma sakawa ciki balle musulmi.

Kar ki ɗauka ku kaɗai ke ƙorafi fa. Iyaye ƴan ECWA sun sha zuwa ofis kan addu'ar gaida Maryamu da rosari, da maganar Baibul ɗinmu mai littafi 73 nasu kuma 66. Cocinmu tun 1965 a taron Vatican na biyu ta fitar da takardar Nostra Aetate da ta ce tana ganin musulmi da daraja, sai dai ba zan rufe ki ba, takarda daban, halin firinsifal daban. Wata makarantar ta ɗauki malamin IRS, wato IRK ta da, wata kuma za a ce miki Mas na safiya, wato ibadarmu ta coci, dole ne ga duk ƴan bodin. Ki tambaya kafin ki biya ko sisi.

Baristan Unguwa:
Sashe na 38(2) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ba za a tilasta wa ɗalibi karatun addini ko shiga ibadar da ba tasa ba, ko wadda iyayensa ba su amince da ita ba. Sai dai 38(3) ya ba ƙungiyar addini dama ta koyar da ƴaƴanta a makarantar da ita ke ɗaukar nauyinta gaba ɗaya, kuma yawanci akwai fom da za ki sa hannu cewa kin yarda da dokokinsu, to ki karanta shi layi layi. A babbar sakandare CRS da IRS zaɓi ne, in sayans za ta yi ma tana iya barin duka biyun. A JSS ne abin ke da ɗan wuya.

Abu Hanan:
Ni dai ban ga abin wahalar da kai ba, Kaduna cike take da makarantun Musulunci masu kyau, ga boko ga tahfiz. Yarinya ƴar shekara sha ɗaya abin da take ji kullum shi ke zama mata a zuciya. Hajiya ta fi ku hangen nesa.

Ɗan Tudu:
Malam Abu Hanan ba a ƙi taka ba, amma fa abin ba yau aka fara ba. St. Louis ta Bompai a Kano sistoci ne suka kafa ta, kuma ƴaƴan musulmi nawa suka bi ta ciki? Queen Amina ta Kakuri ai Queen of Apostles ce a da, Rimi College kuma St. John's, kafin gwamnati ta karɓe makarantun mishan a farkon shekarun 1970. Iyayenmu da yawa can suka yi kuma da sallarsu suka fito.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Jiya na koma na samu Sista, mace mai fara'a wlh har ruwa ta sa aka kawo min. Ta ce ƴan jeka ka dawo ba dole sai sun shiga Mas ba, amma asambuli na safe kowa na tsayawa, kuma malamin IRS ɗinsu ya bar aiki tun zangon da ya wuce ba su samu wani ba tukuna, don haka a JSS1 sai dai ta zauna a laburare lokacin CRS ko ta shiga. Ana tashi ƙarfe biyu, kenan Islamiyyar la'asar ba za ta wuce ta ba. Na faɗa wa Hajiya duk wannan, ta yi shiru can ta ce a ina yarinyar za ta yi azahar, kuma za a bar ta da hijabi? Ni kuwa ko ɗaya ban tambaya ba. Ta ce ran Litinin in zo da mota, da kanta za ta je ta ga Sistar.